Ta Yaya Ka Sani? Gabatarwa Kan Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Laccar da aka gabatar wa sababbin ɗalibai a Yelwan Yauri

 

An nemi in gabatar muku da ilimin halayyar ɗan Adam, wanda za ku riƙa jin ana kira saikoloji a aji. Babu wanda ya shigo zauren nan da kansa fanko a wannan fanni. Uwar da ke tsakar gida ta ji kukan jaririnta daga ɗaki ta ce wannan na yunwa ne, ta san wani abu. Malamin allo ya san yaron da tsawa ke gyarawa da wanda tsawa ke ƙara ruɗawa. Dillalin albasa a kasuwar Yelwa yana duban mai saye sau ɗaya ya gane ko zai ƙara tayi ko tafiya zai yi. Kakanninmu ma sun tara irin wannan sani sun adana shi a karin magana.

To amma ku duba. Mun ce hali zanen dutse, wato ba ya kankaruwa. Mu ɗin dai mun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wato abokin zama yana sauya mutum. Wanne za mu kama? In yaro ya tashi da kirki mu ce gado ya yi, in ya lalace mu ce abokai ne. Kowane irin sakamako ya zo muna da maganar da za mu tare shi da ita, don haka ba a taɓa kama mu da kuskure ba, kuma ba mu taɓa ƙaruwa ba. Daga nan ilimin da za ku karanta ya fara. Yana nazarin abin da mutum ke aikatawa da abin da ke gudana a ransa, gani da ji da tunani da mantuwa da tsoro da koyo, amma da sharaɗi guda: duk abin da ka faɗa, a tambaye ka ta yaya ka sani, kuma amsarka ta zama wadda wani zai iya bin sawunta ya gwada da kansa. A kan waccan gardama ta gado da zama, alal misali, masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun fara daga 1979 suna nemo tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a wani gida. Sun tarar da kamanni masu ban mamaki a halayensu, sun kuma tarar da bambance-bambancen da babu abin da zai bayyana su sai rayuwar da kowa ya yi. Kowace daga cikin maganganun biyu tana da rabonta na gaskiya, kuma aikin ya koma auna girman rabon.

Wasunku na san an gaya musu a gida cewa wannan karatun Turawa ne, yana raba mutum da imaninsa. Tun kafin Turai ta san da shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, ya ware babi-babi kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke danne mutum ba tare da wani dalili na fili ba. Abin da Turai ta ƙara shi ne ɗakin gwaji. Wilhelm Wundt ya buɗe na farko a birnin Leipzig na Jamus a 1879, inda ake auna abubuwa kamar tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. A Nijeriya kuwa, sashen farko na wannan fanni an buɗe shi ne a Jami'ar Nsukka a 1964.

Bari in nuna muku yadda gwaji ke rushe abin da kowa ya ɗauka tabbas ne. Dukanmu mun yarda da wanda ya ce da idona na gani. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na hatsarin mota. Wasu aka tambaye su gudun me motocin ke yi sa'ad da suka bugi juna, wasu kuma aka ce sa'ad da suka ragargaji juna. Fim ɗaya suka kalla, amma kashi na biyu suka faɗi gudu mafi yawa. Bayan mako guda aka sake kiran su aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin, amma waɗanda aka yi wa tambaya mai zafi sun fi yawan cewa sun gani. Ba ƙarya suka yi ba, haka suka tuna. Duk lokacin da mutum ya tuno abu yana sake gina shi ne, kuma abin da ya ji daga baya yana iya kutsawa ciki. Wanda zai zama alƙali a cikinku, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin jinya mai tambayar majiyyaci tarihin ciwonsa, ko wanda za a kira gaban mai unguwa kan iyakar gona, ya riƙe wannan da kyau: yadda ka yi tambaya yana iya dasa amsa.

Akwai kuma wani gwaji da zai amfane ku tun daga wannan zangon karatu. Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885 gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna abin da ya zube. Ya ga mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Bincike na baya ya ƙara da cewa rufe littafi ka jawo abin da ka karanta da ka ya fi sake karantawa sau da yawa. Wanda ya yi makarantar allo a cikinku zai ce ai wannan tsohon labari ne, don ba a wanke allo sai an biya da ka, kuma gardi ba ya barin tilawa. Haka ne. Sai dai abin takaici, ɗalibin da ya haddace izu goma ta wannan hanya, in ya zo nan sai ya jira daren jarrabawa ya kwana yana kallon takarda.

Yanzu mu sauka bakin ruwa, wato tafkin Kainji, don a can nake so hankalinku ya fi tsayawa.

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai zo Wara ɗauke da mutum fiye da ɗari da hamsin, ya dare a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Na san a zauren nan akwai waɗanda abin ya taɓa gidajensu, kuma ba don in fama musu ciwo na ɗauko zancen ba. Na ɗauko shi ne saboda tambayar da ta rage, wadda kuma ta dawo bayan kowane hatsari da ya biyo baya. Ku tuna yadda ake lodi a mashaya ranar kasuwa. An zuba buhuna, an ɗora babura, mata da goyo sun zauna a kan kaya, gefen jirgi ya sauka har mai zaune yana iya tsoma yatsunsa a ruwa ba tare da ya sunkuya ba. Kowa ya gani. Mutanen nan a ruwa aka haife su, sun fi ni da ku sanin abin da igiya ɗaya ko kututturen itace ɗaya da ke ƙarƙashin tafki zai iya yi. Me ya sa ba wanda ya miƙe ya ce shi kam ya sauka?

Amsa mai sauƙi ita ce a ce jahilci ne ko taurin kai, kuma ita ce aka fi ji a rediyo. Ni ban gamsu da ita ba. A 1951 Solomon Asch ya zaunar da mutane a ɗaki ya nuna musu layi ɗaya a kati, da wasu layuka uku a wani katin, ya ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da na farko a tsawo. Tambaya ce da ko yaro ba zai kasa amsawa ba. Amma duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar da ba daidai ba, sai mutum ɗaya da bai san dawan garin ba, shi ne kuma ake gwadawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin irin waɗannan mutane sun bi jama'a sun bar abin da idonsu ya gani, kuma uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Ɗaliban jami'a ne fa, ba jahilai ba. Ga wurin da ya fi muhimmanci a gare mu: da Asch ya sa mutum ɗaya tak daga cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi gaskiya, sai bin jama'ar ya ragu ƙwarai. Murya ɗaya ta isa ta kwance wa mutum baki.

Shin abin da ke faruwa a jirgi ke nan? Mai yiwuwa kowa yana jin tsoro, ya dubi fuskokin sauran ya ga sun yi shiru, ya ɗauka shi kaɗai ne matsoraci, ga kuma kunyar namiji ya ce yana tsoron ruwa a gaban mata da yara. Amma a nan ne za a gane ɗalibin kirki, don ba zai tsaya ya ce Asch ya faɗa ba. Zai kawo wasu dalilan ya jera su kusa da wannan. Wataƙila jirgin nan shi ne kaɗai na ranar, in ya wuce kasuwa ta wuce. Wataƙila hanyar mota ta yi nisa ko ba ta da tsaro. Wataƙila mutum ya hau irin wannan lodi sau ɗari ya sauka lafiya, har tsoron ya dushe. Kowane dalili yana da maganinsa daban. In talauci da rashin jirage ne, wa'azin rediyo ba zai yi komai ba. In shirun jama'a ne, to mutum ɗaya mai faɗa a ji a kowace mashaya, sarkin ruwa ko wani dattijo, wanda zai fara sa rigar kariya a bainar jama'a ya kuma ce lodi ya isa, zai iya yin abin da tarin sanarwa suka kasa. Ba za a san wanne ne ba sai wani ya je ya zauna a mashaya ya ƙirga, ya tambaya, ya gwada a wuri ɗaya ya kwatanta da wani. Ba daga Jamus wannan mutumin zai zo ba.

Tafkin da kansa ma darasi ne. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, kuma da ruwa ya taru an tashi kimanin mutum 44,000 daga mazaunansu. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibiran da Gungawa suka zauna a kai shekaru aru-aru da yawansu suka shige ƙarƙashin ruwa da gonakin albasarsu da kaburburan iyayensu. Gwamnati ta gina gidajen siminti a sababbin garuruwa, kuma a takarda an biya kowa. Amma akwai asarar da ba ta shiga takardar diyya. Marc Fried, masanin halayyar ɗan Adam, ya bi mutanen wata unguwa a birnin Boston da aka rushe aka watsa su, ya wallafa a 1963 cewa da yawansu sun shiga hali irin na wanda aka yi wa mutuwa, wasu har shekara biyu bayan tashin, ko da gidan da suka koma ya fi na da kyau. Elizabeth Colson da Thayer Scudder sun bi mutanen Tonga da madatsar Kariba ta tasa a Zambiya tun daga 1956, suka nuna yadda tashin dole ke taɓa jiki da zuciya da zumunci a lokaci guda, har shugabannin gargajiya su rasa kwarjininsu don sun kasa hana abin. Mutum yana jingina sanin kansa da wuri: bishiyar da ake hira a gindinta, mashayar da ya koyi iyo, maƙwabcin da katangarsu ɗaya.

A nan ƙasar Yauri, Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya rubuta tarihin sarautar, kuma Frank Salamone ya yi rubutu a shekarun 1970 kan yadda wasu Gungawa ke komawa Hausawa a harshe da sutura da suna. Ɗaya masanin tarihi ne, ɗaya masanin al'adu. Tambayar mai nazarin halayya daban take: me yake faruwa a ran yaron da kakarsa ke masa magana da Gunganci yana mayar mata da Hausa? Da wane suna yake kiran kansa in ya je Sakkwato karatu, kuma yaya yake ji in ya faɗa? Haka za a iya tambaya game da ɗan Kambari da ɗan Shangawa da ɗan Lopawa. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar a 1968 yau ya haura saba'in. Suna nan a ƙauyukanmu, suna iya nuna maka da sanda inda gidansu yake a cikin ruwa. Nan da 'yan shekaru sai dai a ji daga bakin jikoki.

Dole in ja muku kunne kan littattafan da za a ba ku. Wani lissafi da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 ya nuna cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke. Saboda haka in littafi ya ce ɗan Adam yana yin kaza, ku tambaya wane ɗan Adam. A shekarun 1960 John Gay da Michael Cole sun je wurin Kpelle na Laberiya, waɗanda ake cewa yaransu ba sa gane lissafin makaranta. Da suka bar tambayoyin takarda suka kawo shinkafa a kwano suka ce a ƙiyasta gwangwani nawa ce, manoman Kpelle suka kayar da Amurkawa masu ilimin boko. Matar da ke awon shinkafa a kasuwarmu, wadda ke duban tsibi ta faɗi mudu nawa ne kafin a auna, in ka ba ta gwajin basira da aka tsara a Ingila ta faɗi, gwajin ne ya kasa ganin abin da ke kanta. Fannin ma yana binciken kansa: a 2015 masu bincike da yawa suka haɗu suka maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa, waɗanda suka sake fitowa daram ba su kai rabi ba. Wannan bai sa na raina fannin ba, don ilimin da ke iya tona kuskurensa da hannunsa ya fi cancantar a amince masa. Amma ya isa ya hana ku haddace sunan Bature ku ɗauka kun gama.

Saura magana mai nauyi. Makonni uku bayan hatsarin Wara, ranar 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma na ƙarshen 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Ban da su akwai mutanen ƙauyukan Shanga da Ngaski da suka kwana a daji don gudun hari. In irin wannan mutum ya dawo, mukan yi masa barka, a yi sadaka, a ce ya gode wa Allah ya manta. Godiya wajibi ce, mantuwa kuwa ba a hannunsa take ba. Yaron da ke zabura in babur ya wuce da dare, wanda mafarki ɗaya ke ta dawo masa, wanda ya daina bin wata hanya, ya zama mai saurin fushi ko ya yi shiru kamar ba shi ba, ba raunin imani ke damunsa ba. Jikinsa ne ya koyi tsoro a lokacin da tsoro ke ceton rai, bai kuma samu labarin cewa an wuce wurin ba. Likitoci sun ba wannan hali suna a hukumance tun 1980, kuma akwai hanyoyin magani ta zama da tattaunawa da aka gwada aka ga amfaninsu. Da yawa suna warwarewa da kansu in sun samu iyali masu saurare da komawa harkokin yau da kullum. Wasu kuwa ba sa warwarewa sai an taimaka musu, kuma mafi munin abin da za a yi wa yarinyar da ta dawo shi ne a riƙa nuna ta da baki.

Ba na cikin masu cewa a kori malami da addu'a daga wannan sha'ani. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya yaƙe su. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. Abin da ba za a lamunta ba shi ne mari da sarƙa da bulala, da kuma a riƙe mai farfaɗiya ko mai ciwon da ƙwaya ke lafar da shi shekara da shekaru ana cewa iska ce. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin a mutunta shi. Amma ku auna nisan Kware daga Wara, ku auna kuɗin mota na mutum biyu, za ku ga dalilin da ya sa muke buƙatar masu wannan ilimi a asibitocinmu na kusa da makarantunmu.

Ku bambanta ma'aikata biyu da ake yawan gwamutsawa. Likitan ƙwaƙwalwa karatun likita ya yi, shi ke rubuta magani. Masanin halayya aikinsa aunawa da tattaunawa da bincike, kuma ba duka ne ke aiki a asibiti ba. Wasu suna nazarin girman yara, wasu koyo da koyarwa, wasu zaman ma'aikata a wurin aiki, wasu yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke haifar da tunani. Kowanne kuka zaɓa, ba za ku tsere wa lissafi ba. Na san wasu sun gudo nan ne don su rabu da shi, to ku shirya, ƙididdiga ita ce za ta gaya muku ko bambancin da kuka gani tsakanin mashaya biyu na gaske ne ko dace ne kawai. Kuma kada wanda ya koma gida hutu ya ce ya iya karanta zuciyar mutane, ko ya fara liƙa wa 'yan'uwansa sunayen cututtuka daga babi ɗaya da ya karanta.

Ga aikin da nake so kowa ya yi kafin ƙarshen zango. Ka nemi dattijo ɗaya, namiji ko mace, da ya ga tashin 1968. Ka je da gaisuwa yadda aka saba, ka faɗa masa ko kai wane ne da abin da za ka yi da maganarsa, ka nemi izininsa, kuma in ya ce a'a ka yi godiya ka tashi. In ya yarda, kada ka ce masa kun sha wahala ko, don ka riga ka sa masa amsa a baki. Ka ce ya ba ka labarin ranar da suka tashi, ka yi shiru. Ka rubuta da kalmominsa, da harshen da ya zaɓa, ban da sunansa. In ya kai inda ba ya son ci gaba, kada ka matsa. Sai ku kawo abin da kuka samo aji mu jera su, mu ga inda suka haɗu da abin da Fried ya gani a Boston da inda suka saɓa masa.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.